Amsa kan Lord Lugga da sarautun Ingila

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko Gwamna Lugga ɗan gidan sarauta ne tunda ana ce masa Lord, kuma ko masu irin wannan sarauta suna riƙe da ƙasa kamar hakimanmu. Na zauna a Ingila lokacin karatu, na kuma shiga wasu daga cikin gidajensu da aka buɗe wa 'yan kallo, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Lugga bai gaji sarauta ba. Mahaifinsa limamin coci ne a Indiya, can aka haife shi a garin Madras a 1858. Lokacin da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sir kawai ake ce masa, irin lambar girman da aka ba Sardauna a 1959 da Tafawa Ɓalewa a 1960, wadda ba a gadonta. Sai a 1928, shekara tara bayan ya bar Nijeriya, aka naɗa shi Baron. Ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta bi shi kabari.

Matakan sarautun Ingila biyar ne, daga sama: Duke, Marquess, Earl, Viscount, sai Baron. Amma kada sunan gari da ke maƙale da sarautar ya ruɗe ka. Duke na Devonshire ba ya karɓar haraji a Devon, ba ya yanke wa kowa hukunci a can, babban gidansa ma, Chatsworth, a Derbyshire yake, nesa ƙwarai. Ƙarfinsu na gaske a filaye da gidajen haya yake, da kuma dokar gado. Yawancin sarautun ɗa namiji na fari ke ɗauka, kuma bisa al'ada gida da gonaki su bi shi ba a raba ba, shi ya sa dukiyar take daɗewa a wuri ɗaya. A 2016 Hugh Grosvenor ya zama Duke na Westminster yana ɗan shekara 25, ya hau kan dukiyar da ta haɗa da manyan filaye a unguwannin Mayfair da Belgravia na Landan, alhali yana da yayye mata biyu. Wannan kam har yau bai kwanta mini ba. Mace ta yi shekara 70 a kan gadon sarautar ƙasar, amma a yawancin gidajen nan 'ya mace ba ta gadon sarautar ubanta.

Da na je Chatsworth, tikiti na saya na shiga kamar kowa. Ga kantin sayar da tsaraba, ga wurin shan shayi, ga yara 'yan makaranta suna kallon dabbobi. Dalilin haka haraji ne. Duke na 10 ya mutu kwatsam a 1950, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin 100 na dukiyar a matsayin harajin gado. Ɗansa ya sayar da filaye, ya miƙa zane-zane da littattafai masu tsada, har da wani gidan nasu sukutum, Hardwick Hall, ya kwashe shekaru yana biya. Tun 1981 wata gidauniya ce ke kula da Chatsworth, su kuma iyalin suna biyan kuɗin haya na sashen da suke zaune. Gidaje da yawa ba su tsira haka ba, rushe su aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda ba mai iya ɗaukar nauyinsu.

Akwai ma waɗanda sarautar ta zame musu ƙaya. Tony Benn yana Majalisar Wakilai mahaifinsa ya mutu a 1960, ya gaji Viscount, doka ta ce ya bar kujerarsa, domin a lokacin mai irin wannan sarauta ba ya zama a Majalisar Wakilai. Ya sake tsayawa a Bristol, jama'a suka zaɓe shi, amma kotu ta miƙa kujerar ga wanda Benn ya kayar. Bai haƙura ba sai da aka yi dokar 1963 wadda ta ba mutum damar ajiye sarautar gado. A shekarar nan Earl na Home ya yi amfani da ita, ya ajiye tasa bayan an naɗa shi Firaminista, ya nemi kujera a Majalisar Wakilai.

Yawancin waɗanda kake jin ana kira Lord ko Baroness a labarai yau naɗa su aka yi, bisa shawarar Firaminista, ƙarƙashin dokar 1958. Tsofaffin ministoci ne, da likitoci, da 'yan kasuwa, da malaman jami'a, kuma 'ya'yansu ba sa gada. Su ne suka cika Majalisar Dattawa, wato House of Lords, domin a 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami ɗaruruwan masu kujerar gado ta bar 92 kacal, sannan a 2024 gwamnatin Labour ta kawo ƙudurin cire sauran.