Zanen tsohon injin jirgi a bango: wanne za a saya?

Tambaya: Malam, na gama gyaran ofishina, ina son in rataya zanen tsohon injin jirgin sama, irin wanda ke juyawa ɗungurungum. Da na leƙa shagunan intanet sai na tarar da zane iri-iri, duk sunansu ɗaya, wato "rotary engine". Wanne ne na ainihi? Daga wani injiniya a Kaduna.

Amsa: Injiniya, masu sayarwar ne suka cakuɗa injuna uku. Akwai na Felix Wankel, mai ƙwarya kusurwa uku a ciki, wanda kamfanin Mazda ya sa a motocinsa. Wannan na baya-bayan nan ne, sai 1957 ya fara aiki. Akwai kuma wanda silindojinsa ke jere kamar tauraro amma a kafe suke, irin su Wright Whirlwind. Wanda kake nema shi ne na uku: an ɗaure karanshaf, wato sandar tsakiyar injin, a jikin jirgi ba ya motsi, silindoji da farfela su ke wulwulawa tare, iskar da suke kaɗawa ita ke sanyaya su.

A ido, na biyu da na uku kusan ɗaya suke, don haka ka bi sunan da ke jikin zanen: Gnome, Le Rhône, Clerget, Bentley ko Oberursel. Gnome Omega, mai silinda 7 da ƙarfin doki 50, 'yan'uwan nan Louis da Laurent Seguin suka ƙera shi a Faransa a 1908, kuma da shi Henri Farman ya yi tafiyar kilomita 180 a gasar jiragen sama ta 1909 a birnin Reims na Faransa. Clerget 9B mai ƙarfin doki 130 shi aka fi sa wa jirgin yaƙin Ingila Sopwith Camel. In kuwa don ado ne, ni Le Rhône 9C zan ɗauka, saboda bututun tagulla da suka lanƙwasa a fuskarsa. Ka zaɓi zanen da aka nuna injin a tsage, domin a nan ne baƙo zai ga yadda mai da iska ke bi ta cikin karanshaf. Da man zurma ake masa giris, yana kuma feso shi fuskar matuƙi, abin da babu zanen da zai nuna maka.

Tambaya: Na ga wani zanen injin, shuɗi mai farin layi, an ce na asali ne, kuɗinsa kuwa ya ninka sauran. In saya? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, riƙe kuɗinki tukuna. Shuɗiyar takarda ta gaske kwafi ce da ake yi da sinadarin ƙarfe da hasken rana, dabarar da John Herschel ya gano a 1842, kuma a masana'anta ake aiki da ita har ta tsufa. Ta asali za ki gan ta da lambar zane, da alamar ninki, da dauɗar hannu. Yawancin na kasuwa zanen takardar mallakar fasaha ne, wanda asalinsa baƙin layi ne a kan fari, aka shafa masa shuɗi a kwamfuta. Ba laifi ba ne, sai dai kada a karɓi kuɗin kayan tarihi a kansa. Ki nemi lambar takardar, ki duba ta a shafin intanet na Google Patents, kyauta ake saukewa. In layukan sun fito sosai, mai buga fosta a garinku zai buga miki. Ki ce masa a takarda mai kauri marar sheƙi, ba ledar da ake buga talla a kanta ba.

Tambaya: Da gilashi ko babu?

Amsa: Da gilashi, kuma mai firam ya liƙe bayansa ruf, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta shige ta zauna a kan takardar. A guji bangon da rana ke duka ta taga, musamman in shuɗiyar ta gaske ce, don haske na koɗar da ita.