Mataimaki ko muƙaddashi, albashi ko la'ada: amsoshin wasiƙunku daga Legas

Wani ɗan'uwa daga Agege ya rubuto: "Malam, an ɗauke ni mataimakin manaja a wani babban kanti a Ikeja, abokaina suna ce mini muƙaddashi. Duk ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne, kuma kuskuren nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don har a bakin masu karanta labarai ana jin sa. Mataimaki daga taimako ya fito: manaja yana nan daram a kujerarsa, kai kuma kana rage masa aiki, ka tsara wa yara lokutan aiki, ka ƙirga kayan sito, ka rufe lissafin ciniki da dare. Muƙaddashi kuwa shi ne wanda ya riƙe kujerar saboda mai ita ba ya nan. Goodluck Jonathan mataimakin shugaban ƙasa ne tun 2007, sai a Fabrairun 2010, da jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi tsawo, ya zama muƙaddashi. Bambancin kuma har aljihu yake taɓawa. Ranar da manajanka ya tafi hutun wata biyu aka miƙa maka makullin sito da ikon sa hannu, ranar ka zama muƙaddashi, kuma a wuraren aiki masu tsari akwai alawus na riƙon ƙwarya. Ka nemi a ba ka a rubuce kafin ka karɓi makulli. Wanda ya saba amsa sunan muƙaddashi kullum, in riƙon ya zo da gaske, da wace kalma zai nemi haƙƙinsa?

Wata baiwar Allah daga Idi-Araba tana son sanin bambancin albashi, lada da la'ada.

Hajiya, albashi yankakke ne, wata-wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Lada na aikin da aka gama ne: ɗan dako a Mile 12 ya sauke kwandon tumatir, a ba shi ladansa, a rabu. La'ada kason dillali ce, tana hawa tana sauka da ciniki, kuma asalinta ɗaya da al'ada a Larabci, wato abin da aka saba bayarwa. Ita ce 'yan zamani ke kira kamasho. Abin da ke ba ni takaici shi ne mai shago ya ce wa yaro "albashinka dubu kaza", alhali rabin kuɗin la'ada ce da ba za ta fito ba sai an cika wani adadin ciniki. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ta san wannan bambanci: ba ta hau kan mai aikin la'ada ba, haka nan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ko albashin kansa, akwai na takarda akwai na hannu. Ana cire haraji, ana cire kashi 8 cikin ɗari na fansho daga tushen albashi da kuɗin gida da na mota, mai kamfani ya ɗora kashi 10 daga nasa aljihun. In waɗannan ukun sun haɗu sun yi naira 150,000, to 12,000 ta tafi asusun fansho tun kuɗin bai shigo banki ba.

Jam'in manaja? Manajoji. "Manajas" ba Hausa ba ce.

Wani matashi da aka yi wa tayin mataimakin manaja a wani otal a Victoria Island ya ce kuɗin ya fi na Kano nesa ba kusa ba, amma kawunsa ya ce masa "hangen Dala ba shiga birni ba ne". Me Kawu yake nufi?

Dutsen Dala ana hango shi tun daga nesa. Matafiyi sai ya ga kamar ya iso, alhali da sauran tafiya kafin ya shiga ƙofar ganuwa. Kawu bai hana ka zuwa ba, cewa ya yi adadin da ka gani hange ne. Gaskiya ne Legas da Abuja da Fatakwal sun fi yawancin garuruwan Arewa biya. Ko a mafi ƙarancin albashi ana gani: a 2024 gwamnatin tarayya ta tsayar da naira 70,000, Kano ta ce 71,000, Legas ta ce 85,000 ga ma'aikatanta. Amma ba dokar da ta yanke wa mataimakin manaja farashi. Na banki daban, na otal daban, na gidan mai daban, kuma a cikin Legas ɗin ma na Island ba ɗaya yake da na Agege ba. Shiga birnin shi ne ka zauna da biro. Haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya. In ɗakinka yana Agege aiki yana Island, ka lissafa kuɗin danfo ko BRT zuwa da dawowa na kwana 26, ka tuna da fita tun kafin gari ya waye saboda cunkoso a gadar Third Mainland. Sannan ka tambaya ko otal yana ba da abinci da wurin kwana, don wannan kaɗai yana iya juya lissafin. Abin da ya rage shi za ka gwada da na Kano, inda wataƙila a gidanku kake kwana.

"Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski": wani daga Obalende yana tambaya ko zagi ne.

A'a, Malam. Maganar wanzami ce da ya karɓi kuɗi tukuna sannan ya ga kan da zai aske. Ana faɗa wa wanda ya karɓi biya, ko kafin alƙalami, sannan ya fara ƙorafin wuyar aikin.