Ba a nuna wa kwastoma kogon mujiya

Wai kana tambaya ta ina za ka samu mujiya a lambun Gamji na Kaduna, don wani ya ce zai biya ka kuɗin hotonta? To zauna, ka ajiye wayar nan tukuna. Yaran yanzu kuna so a nuna muku tsuntsu kamar yadda ake nuna shago a Kasuwar Barci.

Maganar saita kyamara ba zan yi ba, wanda bai iya wannan ba ya koma ɗaukar fasfo. Mujiya kuwa a ƙasa ake fara nemanta. Duba gindin manyan itatuwa, inda ka ga farin kashi ya bushe, ga wasu dunƙule-dunƙule kamar gawayi. Ka fasa ɗaya da tsinke, za ka ga gashi da ƙasusuwan ɓera, don haɗiye shi take yi ɗungurungum, daga baya ta amayo abin da bai narke ba. Ko ka saurari ƙananan tsuntsaye: in suka taru suna ta tsiya a reshe guda da rana tsaka, akwai wadda suka rutsa. Kada ka kewaya bayanta wai ka ɓuya, kanta yana juyawa har digiri 270.

Amma wa ya ce yana son hoton? Abin da nake son ji ke nan.

Wata bazara, ana cikin zafin Afrilu, shamuwa ta fara isowa, na samu farar mujiya da 'ya'yanta a kogon wani maɗaci, ba nisa da tsohuwar gadar Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Kullum bayan la'asar ina can har magariba, sauro na cin ƙafata, har ta saba da ni ta daina hura mini. Sai ga wani mutum, babbar riga fes, ƙamshin turare, wai kalanda zai buga ta tsuntsayen Arewa. Muka yi ciniki, ya ba da ɗan kafin alƙalami, ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya cika. Na kai shi. Har kabbara ya yi.

Kwana biyu na dawo, na tarar da ɓawon itacen duk a goge, alamar an hau, ga gashi a warwatse a ƙasa, kogo wayam. Wani mai kamun kifi a bakin kogi ya ce da asuba ya ga mutumin da yara biyu da buhu. Ashe dillalin bokaye ne! Cikon kuɗina har yau, ga fim da na ƙona, ga kuɗin wankin hoto, uwar kuma ba ta sake dawowa wurin ba. Na taɓa hango shi a wajen wani ɗaurin aure a Tudun Wada, ya sunkuyar da kai ya shige cikin mutane.

Saboda haka ka je ka ɗauko masa balbela da zalɓe a bakin ruwa, sun ishe shi. In ya nace sai mujiya, kawo mini shi shago in ga idonsa. Kuma ka goge gilashin kyamarar nan kafin ka fita, jiya da shatin yatsanka ka dawo mini da ita.