Tambaya da Amsa: Ajiyar matsattsaku don koto a tafiyar kamun kifi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Aboabo ne a Kumasi, kuma idan na samu hutu nakan tafi Yeji wurin kawuna, mu shiga kwale-kwale mu yi kwana biyu ko uku muna jefa fatsa a tafkin Volta. Tana, wato tsutsar ƙasa, takan lalace mana da wuri, shi ya sa na koma ga matsattsaku, waɗanda nake kamowa a wata fadama da ke bayan gari. A tafiyar da ta wuce na zuba su cikin galan da ruwan famfo na toshe bakin, amma kafin mu wuce Atebubu rabinsu sun mutu, ruwan kuma ya yi ɗoyi. Na ga a intanet Turawa suna ajiye nasu a firji. Shin ƙanƙara ya kamata in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abubuwa uku ne suka taru suka kashe maka koto: ruwan famfo, toshe bakin galan, da zafin mota a tafiyar da ta haura kilomita 200. Matsattsaku ba shi da huhu, ta fatar jikinsa yake shaƙar iskar da ke narke a cikin ruwa, don haka duk abin da ya taɓa ruwan ya taɓa numfashinsa. Ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kilorin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya cutar da mai sha amma yana ƙone fatar irin waɗannan halittu. Mafi alheri shi ne ka ɗebi ruwan fadamar da ka kamo su, ko ruwan sama. Idan babu sai na famfo, ka tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni kafin ka zuba su a ciki.

Batun firji kuwa yana da asali. A jihar Minesota ta Amurka da lardin Ontariyo na Kanada masunta suna sayen wani nau'in matsattsaku da ba ya shan jini, suna kama kifi da shi a tafkunan da ke daskarewa lokacin hunturu, kuma sanyin firji ya dace da jikinsa domin a cikin irinsa ya taso. Naka ɗan fadamar Asante ne, bai taɓa sanin ruwan ƙanƙara ba. Abin da za ka ɗauka daga wurinsu shi ne dalilin sanyayawar, wato ruwan da ya kai digiri 30 yana riƙe iskar numfashi ƙasa da na digiri 10 da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali a cikin zafin ne jikin halittar ya fi bukatar iskar. Saboda haka sanyin randa nake ba ka shawara ka nema. Ka naɗe mazubin da jiƙaƙƙen buhun algarara, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kana yayyafa wa buhun ruwa idan ya fara bushewa. In har zafi ya tsananta a hanya, ka jingina ledar ruwa mai sanyi guda ɗaya a jikin mazubin ta waje, kada ka jefa ƙanƙara a ciki, domin sauyin zafi na farat ɗaya yana kashe su kamar yadda rana ke yi.

Mazubin ya zama na roba mai faɗin baki ko ƙaramar tukunyar ƙasa. Ka guji gwangwani da bokitin ƙarfe, kuma idan galan ɗin da ake kira Kufuor za ka yanke, ka tabbata babu sauran mai ko sabulu a cikinsa. Ruwa kada ya wuce rabi. A maimakon murfi ka ɗaure bakin da ƙyalle mai tsabta ka zagaye shi da roba sosai, domin na taɓa ganin matsattsaku mai kaurin ɗan yatsa ya miƙe ya sirance kamar zare ya fice ta ƙofar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Kada ka ba su abinci ko kaɗan, suna jure makonni babu ci, kuma jini ko nama a cikin ruwan ruɓewa kawai zai yi. Safe da yamma ka zubar da rabin ruwan ka ƙara sabo mai irin sanyinsa, ka tsince duk wanda ya saki jiki ya yi fari, saboda gawa ɗaya takan ɓata tukunya duka a dare guda.

Idan kun shiga kwale-kwale aikin ya yi sauƙi, tun da tafkin da kansa zai riƙe maka su. Ka samu robar da ke da murfi mai murɗawa, ka huda ta da allura mai zafi ƙanana-ƙanana, ka ɗaura mata igiya da ɗan dutse ta nutse kamar kamu biyu a gefen da ke da inuwa. Kwana ɗaya kafin haka ka riƙa gauraya ruwan tafki da nasu kaɗan-kaɗan har su saba. Lokacin da za ku tashi, musamman idan jirgin mai inji ne, ka jawo ta ciki ka sa a bokiti, kada ka ajiye ta a ƙasan jirgi inda ruwa ke cakuɗe da fetur. Ka wanke hannu daga taba da maganin sauro kafin ka taɓa su, sannan ka soka ƙugiya ta faffaɗan bakin da ke wutsiya, domin ya ci gaba da motsin da ke jawo kifi.

Akwai abin da ya fi kotonka damuna, wato lafiyarka. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 cutar tsargiya ta yaɗu a garuruwan bakin tafkin, kuma dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana zaune ne a cikin ciyayin ruwa marar zurfi, daidai inda ake neman matsattsaku. Ka sa takalmin roba mai tsawo, kuma idan ka ga jini a fitsari ka je asibiti ba tare da jinkiri ba. Wanda ya manne maka a ƙafa kada ka sa masa gishiri ko wuta, domin yakan amayar da abin cikinsa a ciwon. Ka tura farce a ƙarƙashin bakinsa ka ɓanɓare shi, ka wanke wurin da sabulu ka danne, tun da yawunsa yana hana jini daskarewa na wasu sa'o'i. Ragowar kuma ka mayar da su fadamar da suka fito, kada ka juye su a wani ruwan, balle tafkin Bosomtwe da ke kusa da ku, wanda ba shi da mafita, duk abin da aka zuba masa a nan zai zauna. Ka gaishe mini da kawu.