Magen da na karɓo ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin gado

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Wata ƙawar mamana ce za su tashi zuwa wata ƙasa, tana da mage babba da ta kai shekara 5 a wajenta, sai na ce a bani ita tunda ni dama ina son mage tun ina yarinya. To wallahi tun ranar da aka kawo ta ta shige ƙarƙashin gado, yau kwana uku kenan, in na leƙa sai ta kwantar da kunne ta yi min huci, jiya na sa hannu zan jawo ta ta yaƙushe ni. Abincin ma sai da dare nake jin ta ɗan taɓa. Yarana sun matsu su yi wasa da ita, maigida kuma cewa yake muguwa ce a mayar da ita tun kafin mutanen su tafi, alhali a gidan matar har kan cinya take hawa. Ya zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da kika karɓe ta, ba kowa ke yarda ya ɗauki babbar mage ba, kowa ƙarama yake so. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na maigida, magen nan tsoro ne ya cika ta, babu wata mugunta. Hucin da take yi da kwantar da kunnen roƙonki take ki matsa baya, da kika sa hannu kuma ba ta da inda zata gudu shi yasa ta kai miki farce.

Kinga ita mage da wuri take shaƙuwa sosai, kuma da hanci take gane gidanta. In kin lura yadda suke goga kumatu a ƙafar kujera ko bakin ƙofa, wani ƙamshi suke bari wanda mu bama jinsa, shi ne ke gaya musu nan gida ne. To ita wannan shekara 5 tana goge-gogenta a can, rana ɗaya aka ɗauko ta aka ajiye inda ko ina warin baƙi ne, ga muryoyin da bata sani ba, ga kunnenta na jiyo ƙarar da namu baya iya ji. Baƙo ko da ido makaho ne ai. Ƙarƙashin gadon nan shi kaɗai ne wurin da take jin ba mai zuwa mata ta baya, dan haka dan Allah kar a sake jawo ta, kar a zungure ta da tsintsiya, kar a ɗage gadon. Duk sanda aka fito da ita da ƙarfi aikin ya koma farko.

Abin da zaki yi yau ɗin nan, ki bar mata wannan ɗakin da ta zaɓa ya zama nata na ɗan lokaci, ki riƙa rufe ƙofa da taga. Ki sa abinci da ruwa kusa da inda take yadda ba sai ta ratsa tsakiyar ɗaki ba, roba mai faɗi da yashi a ciki kuma ki kai ta ɗaya kusurwar can nesa, dan mage bata son cin abinci kusa da inda take bahaya. Sai ki samo kwali ki yanke ƙofa a gefe, ki shimfiɗa tsumma a ciki ki ajiye a lungu. Kar ki raina kwalin nan. A 2014 masu bincike na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun gwada shi a gidan da ake tara maguna marasa gata, waɗanda aka ba akwatin ɓuya sun fi saurin samun natsuwa fiye da waɗanda ba a ba ba. Kuma tunda matar bata riga ta tafi ba, maza ki roƙe ta tsumman da magen ke kwana a kai da kwanon cin abincinta, kar a wanke tsumman, ki kuma tambaye ta ainihin abin da take bata ki ci gaba da shi, canjin abinci lokaci ɗaya kan sa su zawo ko su ƙi ci gaba ɗaya.

Yanzu kuma yadda zaki shiga ranta, nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Ki riƙa shiga ɗakin ke kaɗai, ki zauna a ƙasa ki ba gadon gefenki, ki yi ta harkarki, ko danna waya ko ninke kaya, kina ɗan magana ƙasa-ƙasa dan ta saba da muryarki. Kar ki kafa mata ido, a wajen mage kallon cikin ido barazana ce. In kun haɗa ido ki lumshe naki a hankali ki kau da kai, an ma yi bincike a kan wannan a jami'ar Sussex ta Ingila a 2020, aka ga maguna sun fi yarda su matso kusa da wanda ya lumshe musu ido haka. Watarana zaki ga ta leƙo da kai, ta tsaya, hancinta na motsi, ta taka ƙafa ɗaya ta koma. Zuciyarki zata ce ki shafa ta, ki daure. Ki miƙa yatsa ɗaya ƙasa-ƙasa ki tsaya cak, in ta sansana ta goga kumatunta to ta baki izini, ki ɗan sosa gefen fuska da ƙarƙashin haɓa kawai, banda ciki, banda ɗauka. Da asuba da kuma magariba suka fi kuzari, to a lokacin in kika ja zare a ƙasa a hankali ko mai tsoro ce sai kin ga idonta na binsa.

Yaran kuma ki basu aiki maimakon ki hana su kawai, ɗaya bayan ɗaya ya shigo tare da ke ya ajiye abinci ya zauna shiru, banda ihu da guje-guje. Ni a ganina wannan ma tarbiyya ce mai kyau gare su.

Amma akwai inda haƙuri baya aiki, ki riƙe wannan da kyau. Tunda tana ci da dare alhamdulillahi, ki dai riƙa duba kwanon da yashin kullum da safe. In ta yi kwana biyu bata ci komai ba ki kai ta wajen likitan dabbobi, dan mage in ta daɗe bata ci ba kitse na taruwa mata a hanta, musamman mai ƙiba, kuma yana kisa. Haka in tana ta zuwa yashi tana yunƙuri fitsari baya fita, wannan ranar za a kai ta ba gobe ba, ya fi samun muzuru amma ki sani. Kar ki kuskura ki bata paracetamol, guba ce a gare su ko kaɗan ne, haka maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin kashe ƙwari da ake kira permethrin. Ki tambayi matar ko an mata allurar ciwon haukan kare, in ba a yi ba a yi. Ke ma ki wanke yaƙushin nan da sabulu, in ya kumbura ko ta cije ki ki je asibiti, cizon mage na saurin ruruwa.

Wata kwana kaɗan ta ware, wata sai ta kwashe makonni, wata ma watanni, amma taki tunda ta saba hawa cinya tana da sabo da mutane, ina kyautata zaton bazata daɗe ba. In ta fara cin abinci a gabanki, tana lasar jikinta a fili, tana tahowa da jela a miƙe sama, sai ki buɗe mata ƙofar ɗakin ta zaga gidan da kanta, kwalinta na nan inda yake. Waje dai kar ta fita sai ta yi aƙalla sati uku zuwa huɗu a ciki, in ba haka ba tsohon gidansu zata nufa ta ɓata a hanya. Ki roƙi maigida ya bata wata ɗaya, ki kuma sake rubuto mana mu ji yadda ake ciki.