Me ya sa ake ce wa attajiri mai hannu da shuni?

Ɗana, ajiye muciyar nan ka matso kusa. Ɗazu ka tambaye ni dalilin da ya sa ake kiran mai kuɗi "mai hannu da shuni", alhali ga mu nan marina, hannunmu ba ya rabuwa da shuɗi, kuma ba mu ake nufi ba. Na ji daɗin tambayar, don yawancin masu faɗin maganar yau ba su taɓa ganin shuni da idonsu ba.

Fara da bambance baba da shuni. Baba shi ne ganyen da muke kirɓawa, mu dunƙule, mu shanya, sannan mu zuba a rijiya tare da toka da kanwa da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini. A rubuce harufansa ɗaya da Baba mahaifi, a baki kuwa muryarsu daban. Idan haɗin ya yi kwanaki ya nuna, aka kaɗa shi da muciya, sai kumfa ta taso a sama. Ita ake kwashewa a busar, ta zama shuni. Kaɗan ake samu bayan wahala mai yawa, shi ya sa tun asali yake da tsada.

Ka kuma lura da abin da idonka ke gani kullum. In ka ɗago zane daga rijiya, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska yake juyewa shuɗi. Iskar ce ke ɗaure launin a jikin zare. Saboda haka muke tsomawa, mu ɗaga, mu bar shi ya sha iska, mu sake tsomawa, har ya yi duhun da ake so. Amma launin baba a bayan zare yake zama, ba ya shigewa can ciki, don haka yake gogewa a hankali. Ko wandon jins da samari ke sawa da irin wannan launin ake rina shi, shi ya sa yake koɗewa a gwiwa.

To, yanzu ga turkuɗi, wato rinanniyar tufar nan da ake naɗa rawani da ita. Masaƙa suna saƙa shi sirara-sirara, faɗin kowane bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba, a ɗinke su wuri guda, a kawo marina a yi ta tsomawa har ya kusa baƙi. Daga nan sai mabuga. Can ne ake kwaɓa garin shuni da ɗan kitse a shafa masa, a shimfiɗa kan kututturen itace, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, su yi ta bugu har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Garin Kura, kudu da Kano, shi ne ya yi suna a wannan aiki, har ake ce wa rawanin ɗan Kura. Irin wannan tufa ba a wanke ta, wanki ɗaya ya kashe ƙyallin. Duk wanda ya naɗa ta kuwa, sai shunin ya hau goshinsa da wuyansa da tafin hannunsa.

Abin da na ji daga dattawan da suka koya mini ke nan: talaka ba ya iya sayen wannan tufa. Sarakai da attajirai ke sawa, manyan fatake ke dillancinta. In ka gaisa da mutum ka ga shuni a yatsunsa, ka san ko dai jikinsa yana ɗauke da kaya masu tsada, ko kuma kullum yana cikin juya su a kasuwa. Namu hannun na ruwan baba ne, na ma'aikaci. Nasu na shunin da aka buga a tufa ne, kuma kowa a lokacin ya san bambancin.

Buzaye su ne manyan masu saye. A da suna zuwa a ayari daga wajen Agadas da gishirin Bilma, su koma da turkuɗi. A wurinsu shunin da ke zuba a fata ado ne, har mutanen waje suka riƙa kiransu shuɗɗan mutanen Sahara. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji wani ya ɗaga ɗan Kura yana cewa rinin bai kama ba tunda yana zuba. Zubar nan ita aka saya.

Kada ka ɗauka ƙaramin ciniki ne. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar nan tana kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a ƙasar Libiya ta yau, ta yamma kuma har Tambutu. Marinar Ƙofar Mata ma ana cewa tun 1498 take, wato zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ko katsin da muke kwashewa daga gindin rijiya ba a zubar da shi. Ana ƙona shi, a haɗa da dafara da gashin dabba a yi laso, a shafe rijiyoyi da rufin soro don kada ruwa ya ratsa.

Abin ya fara ja da baya ne bayan kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuni na sinadari a 1897, ga kuma yadin kanti mai araha ya cika kasuwa. Rijiyoyi da yawa suka cike da ƙasa. Maganar dai ta ci gaba da yawo a bakin mutane, har ga shi kana jin ta a rediyo ana nufin mai manyan motoci.

Dubi waccan rijiyar ta gefen bango, kumfarta ta taso tun hantsi. Ɗauko ƙoƙo ka kwashe a hankali, kada ka haɗa da ruwan ƙasa. In ta bushe zan kai ka mabuga ka ga yadda ake kwaɓa ta.