Amsa kan wasan chess: sojoji sun taso wa sarkina da g4 da h4, me zan yi?

Ɗan'uwa na Samaru, ka ce ka shigar da sarkinka lungun g8, abokin wasa ya turo sojojinsa g4 da h4 ya rusa ka (g8, g4 da irinsu sunayen gidajen allon wasan ne).

Laifin yawanci na h6 ne. Sojan da ka tura can shi ne abin kamawa: g5 ta zo, sau da yawa sai a yi musaya, layi ya buɗe wa ruk ɗinsa (ɗan wasan nan mai kama da hasumiya, mai tafiya a miƙe). Bar f7, g7 da h7 a wurinsu. In sojojinsa sun kai g5 da h5 ya buga h6, ka amsa da g6, ƙofa ta rufe. In g6 ya buga, ka ci da sojanka na f, ya ci da nasa na h, sai ka tura h6.

Amma zaman jira ba ya fid da kai. Ka fasa tsakiya da d5 tun da wuri, domin mai kai hari ta gefe ya bar gidansa a buɗe. In sarkinsa yana c1, tsere ne: b5, b4, ruk a c8, ka ƙirga wa zai riga buɗe layi. Musayar sarauniya kuwa, in ta samu, karɓa kawai.